Katin tawul a otal: laifin ma'aikaci ne ko na mudir, wato manajan otal?

Ɗan Misfala: Assalamu alaikum. Otal-otal da yawa a Makka sun sa kati a banɗaki cewa tawul ɗin da aka rataya ba za a canza ba, sai wanda aka yar a ƙasa, don a rage ruwan da wanki ke ci. Amma masu gyaran ɗaki kwashe duka suke yi zuwa wanki. Ina matsalar take?

Baban Ajyad: Wa alaikumus salam. Daga sama take, ɗana. Mai gyara yakan karɓi ɗaki 15 ko 16 a aikin awa 8, ɗakin da baƙo ya tashi kuwa yana cin kusan minti 30. Kwashewa ta fi tantancewa sauri. Sannan in ya bar tawul baƙo ya yi ƙorafi, shi ake yi wa faɗa. In ya kwashe duka babu mai tanka masa. To wa zai bi kati? Sai mushrif, wato mai kula da masu gyaran ɗaki, ya sa batun cikin takardar duba ɗaki, a riƙa ƙirga tawul ɗin da ke shiga wanki kullum ana raba shi da yawan baƙi. In lissafin bai sauka ba, katin ado ne. Ƙorafi kuma mudir ya amsa da kansa, ya tsaya wa yaronsa.

Hajiyar Aziziyya: Baba, a ƙara da wannan. Ɗakin alhazai mutum huɗu ne, tawul duk farare, maratayi ɗaya. Ba wanda ya san nasa, jiƙaƙƙe kuma in an cusa shi kan wani ba ya bushewa, wari yake yi. A kafa maratayi huɗu masu lamba daidai da gadaje, katin ya zama na hoto, don ba kowane alhaji ke karanta Larabci ko Turanci ba. A kuma gaya wa ma'aikata dalili: yawancin ruwan Makka na teku ne, daga Shu'aiba ake tace shi a turo.

Mai Kicin: Haka yake a wajen abinci. Ƙananan faranti ake cikawa akai-akai, mai zafi ya zauna sama da digiri 60, wanda ya huce ya wuce awa 2 a zubar, a kuma auna abin da aka zubar bayan kowane cin abinci. Amma Malam, mudirin da ya rage sanyin na'ura a ɗakin cin abincin ma'aikata da sunan muhalli, ofishinsa na ƙanƙara, rowa za su kira abin, kuma a fuskarsu baƙo zai gani. A azumi ma aikin Musulmi awa 6 ne a dokar Saudiyya, sai a rage musu yawan ɗakuna tun kafin watan ya kama.