Malamai biyu a aji ɗaya: yaya ya kamata mu raba aikin?

Malamin aji uku, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum malamai. A farkon wannan zangon hedimasta ya haɗa ni da wata malama da ta karanci ilimin masu buƙata ta musamman, domin mu riƙa koyar da aji uku tare. Ɗalibanmu sun haura 80, a cikinsu akwai yarinya kurma da wani yaro mai raunin gani wanda sai ya kusa manna fuskarsa da allo kafin ya bambance harafi. Abin da ke damuna shi ne, tun da muka fara ni ne a gaban allo da alli a hannu, ita kuwa tana kan tabarma a ƙuryar aji da yaran nan biyu, har sauran yara sun fara kiranta malamar bebiya. Jiya na tuna cewa mako uku ke nan ban yi wa yarinyar tambaya ko ɗaya ba, abin ya tsaya mini a rai. Shin haka ake wannan aiki?

Wata malama daga Bichi:

Wa alaikumus salam Malam. Abin da ka bayyana aji biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma ba shi ake nufi ba. Tun sanarwar Salamanca ta 1994, wadda ƙasashen duniya suka fitar kan karatun yara masu buƙata ta musamman, manufar ita ce yaro mai nakasa ya yi karatu a makarantar da 'yan unguwarsu suke zuwa, a tsakiyarsu, kuma dokar hana nuna wa masu nakasa wariya da aka sanya wa hannu a Najeriya a 2019 ta ƙarfafa wannan haƙƙi. Yarinyar ɗalibarka ce kamar yadda sauran 80 ɗin ɗaliban malamar ne. Ku riƙa musayar alli: idan ka ja darasin lissafi tana zagayawa tana duba littattafai, to ita ta ja na Hausa kai ka zagaya, kuma ka tabbata ka durƙusa a gefen yaran nan biyu. Amma duk wannan ba zai yiwu ba sai kun zauna kun tsara darasin mako tare, ko da na rabin awa ne ranar Alhamis bayan an tashi.

Tsohon hedimasta, Gumel:

Malama ta yi gaskiya, sai dai ina ƙara da cewa tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ku kuwa ajinku ya ninka haka. Wani lokaci ku raba ajin gida biyu, rabi a ɗaki rabi a gindin darbejiya, darasi ɗaya, amma kada a tara masu rauni a rukuni guda.

Wani malami da ke da ƙane kurma, Ɗambatta:

Malam, ka nemi sanin irin maganar hannun da yarinyar take yi a gida, domin ta Hausawa daban take da wadda ake koyarwa a makarantun kurame irin ta Tudun Maliki a Kano, ita maganar hannun makarantun asalinta daga Amurka yake. Mahaifiyarta za ta nuna muku alamomin da ta saba da su. Ka dawo da yarinyar sahun gaba, kada ka yi bayani kana fuskantar allo, kada kuma ka tsaya taga tana bayanka, saboda fuskarka take karantawa. Shi kuma yaron, a rubuta masa da manyan baƙaƙe, kuma duk abin da ka rubuta ka faɗe shi da baki. Batun sunan da yara suka laƙaba wa malamar, kai ne za ka hana shi, a gabansu.

Malamin aji uku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun yi magana da malamar, ranar Litinin ita za ta ja darasin farko, ni kuma zan zauna a tabarmar. Ta fara koya mini alamomin lambobi daga 1 zuwa 10.