Wane aiki Obama ya yi a majalisar jiha kafin duniya ta san shi?

Ɗalibar Lauya:
Assalamu alaikum. Jiya malaminmu ya ce Barack Obama ya shekara kusan 8 yana sanatan jiha kafin ya je Washington. Ni ban taɓa sanin jiha ma tana da sanata ba. Don Allah wanda ya sani ya fayyace mini, kuma me ya yi a can da za a iya nunawa?

Tsohon Direba a Chicago:
Wa alaikumus salam, 'yata. Haka ne, a nan Amurka kusan kowace jiha majalisa biyu gare ta, Nebraska ce kaɗai mai guda. Ta Illinois, jihar da Obama ya yi sanata, tana da sanatoci 59 da wakilai 118, suna zama a Springfield, tafiyar awa uku da wani abu daga Chicago, gonakin masara hagu da dama har ka gaji da kallo. An zaɓe shi a 1996, ya wakilci mazaɓa ta 13 a kudancin birnin nan, inda unguwar Hyde Park take, daga Janairun 1997 zuwa ƙarshen 2004. A lokacin yana kuma koyar da dokar tsarin mulki a Jami'ar Chicago.

Tunda lauya za ki zama, ki riƙe dokar 2003. Na yi tuƙin tasi a kudancin Chicago shekaru, kuma na sha ɗaukar iyaye mata za su je ganin 'ya'yansu a kurkuku, da ledar kaya a cinya, ba mai cewa uffan har mu isa tasha. Kowa a unguwannin nan ya san labarin wani kwamandan 'yan sanda, Jon Burge, da yaransa, waɗanda aka zarga da azabtar da baƙaƙen fata har su amsa laifin da ba su yi ba. Mutum 13 da aka yanke wa hukuncin kisa a jihar aka sake su daga baya, abin da ya sa Gwamna George Ryan ya dakatar da zartar da hukuncin kisa a 2000.

Obama ya kawo ƙudurin da ya tilasta a ɗauki bidiyon tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa wanda ake zargi da kisan kai, tun daga farko har ya amsa. 'Yan sanda suka ƙi, masu gabatar da ƙara suka ƙi. Bai fita titi da lasifika ba. Zama ya yi ta yi da su, yana nuna musu cewa faifan nan su ma zai kare su idan aka yi musu ƙazafi a kotu. Da aka zo ƙuri'a a majalisar dattawan jihar ba wanda ya ce a'a. Illinois ce jiha ta farko da majalisarta ta kafa wannan doka. Wallahi wannan ya fi mini duk jawabansa daraja, domin na ga fuskokin matan nan.

Ɗan Zongo:
Baba, gaskiya ka faɗa, amma a gaya mata ɗaya gefen. Kujerar sanatan da Obama ya hau, a da ta Alice Palmer ce. Ta tafi neman majalisar tarayya, ta faɗi, ta dawo tana son wurinta. Mutanen Obama suka ƙalubalanci sa hannun da ta tattara don shiga takara, aka cire ta da sauran 'yan takara, ya tsaya shi kaɗai a zaɓen fid da gwani. Doka ta yarda, amma abin bai kwanta mini ba har yau. Sannan a majalisar akwai maɓalli uku: kore na e, ja na a'a, rawaya na "ina nan", wato ba ka ce e ba, ba ka ce a'a ba. Ya danna rawayan sau 129.

Tsohon Direba a Chicago:
Ban musa ba, ɗana. Shi ma ya ɗanɗana faɗuwa: a 2000 ya nemi kujerar Bobby Rush ta majalisar tarayya, Rush ya ninka shi ƙuri'a. Ya koma Springfield ya ci gaba da aiki. Kuma shekaru 6 na farko jam'iyyarsa ta Democrat ba ta da rinjaye, sai a 2003 da Emil Jones ya zama shugaban majalisar ƙudurorinsa suka fara wucewa da sauƙi, har da wanda ya sa 'yan sanda su riƙa rubuta launin fatar duk direban da suka tsayar.

Ɗalibar Lauya:
Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Dokar bidiyon nan zan ɗauka a aikin da aka ba mu na wannan zango.