Musayar Waƙa: Tsakanin So da Ƙauna

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum. Ga tambayata a ƙwar biyu, amsa-amonmu "na" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Ku ba ni fatawa, yayye da ƙanne,
Shin so daban yake ne da ƙauna?
In na hango ta gabana ya faɗi,
In kasa cin tuwo, in kasa barcina.
Na kai toshi, na je zance da Juma'a,
Sunanta ne kullum a bakina.
In duk wannan bai kai ƙauna ba,
To me ya saura da ke kaina?

'Yar Damagaram:
Ƙanena, faɗuwar gaba ba shaida ba ce,
Ko tsoro ma yana faɗar da gabana.
Ka gan ta ne cikin atamfar Kantin Kwari,
Ta sha lalle da kwalli, ta zo ta zauna.
Jira ka gan ta a wankan jego,
Ganyen darbejiya da ruwa mai ƙuna.
Ido ya faɗa, jariri na ta kuka,
Ba ta runtsa ba tun daren suna.
In ka sayo itacen wanka ba ƙorafi,
Ka ce, "Miƙo shi, ki kwanta, ni na zauna,"
Ranar nan ka dawo mini da tambayarka,
Mu buɗe babin zancen ƙauna.

Malam Na Tudun Wada:
Ku koma Suratu Yusuf, sura ta 12, duka biyun suna ciki.

Matar Azizu ta so Yusufa a Masar,
Ta kulle ƙofofi, ta ce, "Taho gurina."
Ya gudu, ta yage rigarsa ta baya,
Da ya ƙi ta, ta ce kurkuku zai kwana.
Annabi Yaƙubu kuwa kuka ya yi ta yi,
Har ido ya yi fari: "Wayyo ɗana!"
Ya ce, "Ku je ku nemo mini labarinsa,
Ga Allah kaɗai nake kai kukana."
Ayari na barin Masar da wata rigar Yusufa,
Ya ce, "Ƙamshin Yusufa na ji a hancina."
Ita don ranta ta so shi, ta sa aka ɗaure shi,
Uban nan ransa ya bayar, ku auna.

Ɗan Zazzau:
Allah gafarta Malam, uba daban ne,
Jininsa ne, dole ya ce, "Nawa ne, ɗana."
Amma baƙuwa da baƙo fa, ta ina za su fara?
Kun rena so, kuma abin ya taɓa raina.

Hajiya Inna Sakkwato:
Yaro ya yi gaskiya, kada ku danne shi. Ban yarda a rena so ba.

Nana Khadija ta ga amanar Manzo,
A fataucin Sham, ta ce, "Ga mijina."
Da so aka fara, ita ce ta aika,
Ba ta ɓoye ba, a fili ta nuna.
Shekara 25 suna tare da juna,
Ta gaskata shi ran da ya ce, "Ina tsoron kaina."
Shekara 3 Ƙuraishawa sun ƙaurace musu,
Attajira ta sha yunwa, ta sha rana.
Bayan rasuwarta in ya yanka akuya,
Sai ya aika wa ƙawayenta da nama, ɗana.
Wadda ta rasu me za ta saka maka da shi?
A nan so ya girma ya zama ƙauna.

'Yar Damagaram:
Hajiya ta ba ka gaskiyarka, na yarda,
Saura guda ɗaya, amsa mini ƙanena.
In babanta ya ba wa wani, ita kuma ta amince,
Za ka iya ce mata, "Allah ya sa ki zauna"?

Ɗan Zazzau:
Yaya, wannan ta yi mini nauyi,
Yau dai ba zan iya furta ta da bakina.
Kishi zai ci ni, ba zan ɓoye muku ba,
Ko da zan hana sharri fita daga harshena.
Shi ya sa na daina jan zance a ƙofar gida,
Na faɗa wa Kawu abin da ke raina.
Asabar zai je gun waliyyinta da goro,
Ku taya ni addu'a a sa mana rana.