Wai da gaske akwai sojan da kiɗa ya kai shi yaƙin Bama?

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin tarihi ku zo ku raba mana gardama, abin ya tsaya min a rai. Shekaranjiya muna kwashe kayan ɗakin kakarmu a nan Gangare saboda rufin yana yoyo, sai ga tsohuwar akwatin ƙarfen marigayi kakanmu, a ciki akwai hoto duk ya yi ja don tsufa, su bakwai cikin kaki da gajeren wando, shi a tsakiya rungume da ganga, na gefensa da begila, ɗaya kuma wallahi zani ya ɗaura har da kallabi kamar mace. Bindiga ko ɗaya babu. Mu kuwa tun muna yara da jikokin ɗan Bama ake mana kirari a unguwa. Yanzu ƙanin babana sai tsiya yake wai ashe tsoho gaɗa ya je yi ƙasar waje, Kaka ta yi fushi ta ƙi cin tuwon dare. To wai akwai sojan da aikinsa kenan, a ɗauke shi a jirgin ruwa har wata uwa duniya don ya yi wa 'yan uwansa wasa? Kuma shi ma soja za a kira shi?

Malam na Bauchi Road:
Wa alaikumus salam. Akwai su sosai ɗan uwa, ka je ka ba Kaka haƙuri. Amma kashi biyu ne kada a haɗa. Akwai farar hula da ake ɗauka su je su yi wasa su dawo, kamar ƙungiyar ENSA da aka kafa a Ingila a 1939 da USO ta Amurka a 1941. Ta hanyar ENSA ne mawaƙiya Vera Lynn ta je har Bama a 1944, shi kuma ɗan barkwanci Bob Hope ya fara yi wa sojan Amurka wasa a 1941 bai daina ba har lokacin yaƙin Gulf. Sai kashi na biyu, irin na kakanku, sojoji ne cikakku masu lamba da albashi, aka ga suna da baiwa aka ware su. Su an fi iya tura su kusa da bakin daga tunda dama an koya musu harbi kuma umarni suke bi. Glenn Miller babban makaɗi ne a Amurka yana samun kuɗi kamar me, ya ajiye ya shiga soja a 1942 har ya kai manjo, ranar 15 ga Disamba 1944 ya hau ƙaramin jirgi daga Ingila zai je Faris don shirya wa sojoji wasa, har yau ba shi ba jirgin.

Namu kuma, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su ne suka je Bama (Myanmar ta yanzu) a Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Najeriya sun fi kowa yawa a ciki kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin. Sun yi faɗa da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka karɓe garin Myohaung a Janairun 1945, shi ya sa za ka ji barikin Myohaung a Yaba, barikin Arakan a Apapa, da na Chindit a Zariya, wato sunan wata runduna da wasunsu suka yi yaƙi a cikinta a Bama. A cikinsu akwai sojojin Gana, lokacin ana ce mata Gwalkwas, da suka haɗa ƙungiyar wasan barkwanci suna zaga sansanoni da asibitocin soja a Indiya da Bama, da suka koma gida ma suka ci gaba da sunan Burma Jokers. Batun mai kallabi kuwa kada ya ba ka mamaki, babu mata a sansani, in wasa ya buƙaci mace dole wani ƙato ya ɗaura zani, Turawan ma haka suke yi.

Saje mai ritaya, Rukuba:
Ɗana, ka gaya wa baffan naka in ji ni, wanda bai kwana a rami ba ya bar zancen soja. Na yi Laberiya da ECOMOG, na gama aiki a nan barikin Rukuba. Ɗan badujala sai ya gama horon kurtu tsaf kamar kowa kafin a ba shi ƙaho, kuma tun zamanin Turawa in wuta ta yi wuta 'yan badujala ne ke ajiye kayan busa su ɗauko waɗanda aka harba, kai ka ga wannan aikin matsoraci ne? Abin da mutanen gari ba su gane ba, harbi ba shi ne yawancin yaƙi ba, zama ne. Zaman jira, ruwan sama, sauro, shinkafa kullum shinkafa, ba wasiƙa daga gida wata da watanni, a nan ne kan mutum yake juyewa. Muna da wani kofur ɗan Langtang, galan ɗin mai kawai yake kifawa ya hau kiɗa yana kwaikwayon muryar samanja, wallahi mutumin da ya kwana uku bai ce uffan ba sai ka ga yana dariya har da hawaye. Ranar da aka mai da shi wata bataliya kamar an yi mana mutuwa. Allah ya jiƙan mazan jiya.

Maman Ilham:
Ni dai Baba Saje ka yi min afuwa, ban raina kowa ba, amma abin nan akwai wayon Bature a ciki. Ka kwaso 'ya'yan mutane daga ƙauye, wasu ma sarakuna ne suka bada su ba don suna so ba, ka ɗora musu kaya a ka cikin dajin da mota ba ta shiga, albashinsu bai kama ƙafar na farar fata ba, sannan ka ce a buga musu ganga su manta? Kuma yaƙi ya ƙare a 1945 da yawansu sai 1946 suka samu jirgin dawowa. Kiɗan lallashi ne kawai kada su yi bore.

Saje mai ritaya, Rukuba:
Hajiya ba ki yi ƙarya ba, an cuce su a albashi. Amma mai bugun gangar ba Bature ba ne, ɗan uwansu ne, shi ma kewar gidan ke cinsa.

Auwal Bukuru:
Kai jama'a kun tafi Bama kun manta na gida. Ɗan Maraya Jos fa, ɗan Bukurunmu, da ɗan kuntiginsa ya yi wa sojan tarayya waƙoƙi lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, tsofaffi har yanzu suna tunawa. Victor Olaiya ma a wannan yaƙin an ba shi muƙamin laftanar kanar na girmamawa yana zagawa da makaɗansa wajen dakaru. Kuma tun kafin Bature ya zo wane sarki ne ya fita yaƙi ba tambari ba maroƙa masu zuga? Ɗan Gangare in baffanka ya sake magana ka ce ya ɗaura zanin ya tsaya gaban ƙarti ɗari biyar masu bindiga ya ba su dariya mu gani hhhh

Ɗan Gangare:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Kaka duka, wajen kofur mai galan ta yi dariya. Sai ta ce wani abu da ko babana bai sani ba, wai tunda ya dawo bai sake taɓa ganga ba har ya rasu, ko biki ake a layi sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa, ya ce mata mai begilar nan na gefensa a can aka binne shi. Mai kallabin kuma wai mutumin Pankshin ne, yakan zo gaishe su da buhun dankali har ya tsufa. Baffa dai ya yi shiru.

Baba Saje ranka ya daɗe, akwai wata alama a jikin hularsu kamar bishiyar dabino, ban gane ta ba.

Saje mai ritaya, Rukuba:
Bishiyar kwakwar manja ce ɗana, tambarin rundunar Afirka ta Yamma kenan. Kada ku lanƙwasa hoton, ka kai shi wajen masu hoto a Taminus su ɗauke maka shi a kwamfuta tukuna. In ka samu sarari ranar Asabar ka kawo min in gani, bayan la'asar ina gida.