Yaya jar gansakukar teku take rayuwa a zurfin da haske bai cika kaiwa ba?

Zainab:
Assalamu alaikum. A ɗakin gwaje-gwaje muna dafa garin aga mu zuba a faranti domin renon ƙwayoyin cuta, sai jiya malaminmu ya ce daga jar gansakukar teku ake samo shi. Ya kuma ce tana rayuwa a zurfin da koren tsirrai ba sa iya zama. To, da me take haɗa abincinta a wannan duhu?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Sirrin yana cikin jan launin nata. Ruwan teku yana shanye jan haske tun daga sama-sama, amma shuɗi da kore suna ratsawa can ƙasa, ita kuwa tana ɗauke da wani sinadarin launi wanda yake cafke wannan ragowar hasken ya miƙa wa kulorofil, wato koren sinadarin da tsirrai ke haɗa abinci da shi. A 1984 Mark Littler da Diane Littler na cibiyar bincike ta Smithsonian a Amurka sun nutsa cikin ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa kusa da tsibirin San Salvador a Bahamas, suka tarar da wani nau'i mai tauri kamar alli manne da dutse a zurfin mita 268.

Dakta Rabi:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Ƙanwata, abin da ya fi wahalar da masana, a ganina, shi ne gane ta, domin nau'i ɗaya yakan sauya kama a tsawon rayuwarsa. An daɗe ana ɗaukar wasu siraran zaruruwa masu ruwan hoda da ke huda ɓawon kawa a matsayin halitta daban, har sai da Kathleen Drew-Baker ta Jami'ar Manchester ta nuna a 1949 cewa mataki ne kawai na rayuwar Porphyra, dangin ganyen nori da Japanawa suke ci. Wannan ne ya koya wa manoman Japan renon iri a cikin ɓawo bayan shekarun da noman nori ya durƙushe. Ita dai ba ta taɓa taka ƙasar ba, amma duk ranar 14 ga Afrilu ana taron tunawa da ita a garin Uto na Japan.

Malam Habu:
Garin da kike dafawa kuwa, galibinsa daga nau'in Gelidium ne, wanda masu nutso suke cirowa a gaɓar El Jadida ta Maroko su shanya a rana kafin a kai shi masana'anta.