Musayar Waƙa: Hanyar 407 da ta Zagaye Toronto

Sarkin Fage:

Bismillahi, ga fage na buɗe,
Mai baiti ya matso, kar ya ruɗe.
Toronto ta Kanada muka dosa,
Inda hanyar 401 ta ƙosa.
Wani wajen layi 18 gare ta,
Duk da haka gosulo ya shaƙe ta.
Sai aka yanka 407 ta arewa,
Ta zagaye birni babu tsayawa.
A 1997 aka buɗe kashin fari,
Sauran suka biyo baya a jeri.
Kilomita 108 ne na kamfani a cikinta,
Burlington zuwa Pickering iyakarta.
Hanyar biya ce, amma ba shinge, ba ɗaki, ba mai miƙo hannu,
Ta ina kuɗin ke fita? Injiniya, sannu.

Injiniyan Kwalta:

Yawwa Sarki, sannunka da aiki,
Bari in kwance maka shi daki-daki.
Duk mashiga da mafita, in ka lura,
Akwai ƙarfen gicciye ɗauke da na'ura.
Abu uku ne ke rataye a kansa,
Kowanne da aikin da ke gabansa.
Na ɗaya eriya, mai kiran na'urar mota,
'Yar akwatin nan da ke manne a gilashinta.
Na biyu leza, mai auna tsawo da tsayi,
Ta raba ƙaramar mota da mai nauyi.
Na uku kyamara, lambar baya take ɗauka,
In ba na'ura, ita ce za ta kama ka.
Kwamfuta ta haɗa shigarka da fitarka,
Ta ƙirga kilomita ta rubuta a sunanka.
Ƙarshen wata takarda ta iso gida,
Ta adireshin da rajistar lamba ta shaida.
A kashin tsakiya na hanyar kuma kankare aka zuba,
An tsaga masa gaɓoɓi da zarto, ka duba.
Sanyi ya tsuke shi, zafi ya miƙe shi,
Ba don gaɓoɓin ba da tuni sun fasa shi.

Hajiya Mai Lissafi:

Injiniya, ka faɗi ƙarfe da waya,
Ka bar takardar, can ake shan wuya.
Kuɗin kilomita ba ya zama wuri ɗaya,
Yana bin shiyya, da sa'a, da inda ka juya.
Safiyar aiki da yamma sun fi tsada,
Tsakar dare ya sauko, haka take a ƙa'ida.
Bayan wannan akwai kuɗin kowace shiga,
Ko kilomita biyu ka yi ka fita ka ruga.
Marar na'ura a ɗora masa kuɗin hoto,
Kowace tafiya, ba rangwame ba ceto.
Gajeriyar tafiya a nan take cuta,
Ƙarin da ke kai ya kan fi kuɗin hanyar kanta.
Mai bi a kai a kai ya yi hayar na'ura kawai,
Tafiya kaɗan ta mayar masa da kuɗinsa sarai.

Baban Tirela:

Hajiya, Allah ya ƙara basira,
Amma ba ki sa 'yan tirela a hira.
Mota ta haura kilo 5,000 a awo,
Dole ta ɗau na'ura kafin ta shigo.
In babu, ɗan sanda ya tsayar ya yanka tara,
Kuɗin hoto mai nauyi kuma a ƙara.
Tirela kusan ninki uku take biya,
Na abin da ƙaramar mota ta bayar a tafiya.
Mai kamfani ya ɗau biro ya zauna,
Ya sa ɓata lokaci da man da za a ƙona,
Ya haɗa da albashin direba, duk da haka
401 ta fi araha, sai ya ce bi can abinka.
Kaya daga Windsor, Montreal za shi,
Ba ruwansa da Toronto, amma ta ciki ake bi da shi.
Kamar a haƙa rijiya a bakin kasuwa,
A sa kuɗin guga ya fi kuɗin ruwa.
Wa ya ƙulla wannan? Masana ku duba,
An yi hanyar zagaye, manya ba su bi ba.

Malam Na-Tarihi:

Baba, ciwon da ka taɓa yana da asali,
A 1999 aka ƙulla shi, ga dalili.
Gwamnatin Mike Harris ta lardin Ontariyo ta bayar,
Hayar shekara 99, kusan a ce ta sayar.
Dalar Kanada biliyan 3.1 aka karɓa,
Dawowarta sai 2098, masu sa hannu ba za su gani ba.
Kamfanin Cintra na Sifaniya na cikin masu riƙo,
Asusun fanshon Kanada daga baya ya leƙo.
Kan farashi an sakar wa kamfani mara,
Sai sharaɗi guda da aka rataya wa tara:
In motoci sun gaza adadin da aka yanka,
Kamfani ya biya gwamnati, birkin ke nan da aka saka.
Gwamnatin Ontariyo ta McGuinty ta kai ƙara kan ƙarin kuɗi,
Ta sha ƙasa, a 2006 aka sasanta ba daɗi.
Da korona ta kwashe motoci daga titi,
Tarar ma aka ɗage ta, babu ko sisi.

Injiniyan Kwalta:

Malam da Baba, ku ba ni aron kunne,
Tsadar nan tana da aiki, ba zalama kaɗai ba ne.
Layi guda na ɗaukar mota kusan 2,000 a awa,
Aka haura, sai birki ya bi baya yana yaɗuwa.
Farashin nan shi ke rage masu shigowa,
A cire shi duka, ita ma ta kama rarrafawa.
Inda na bi bayan Baba, a nan ne:
Gurbin tirela ɗaya na motoci biyu ko uku ne,
Tana jinkirin tashi, tana jinkirin tsayawa,
Ita ya kamata a janye daga 401 tun farawa.
Da gwamnati za ta ɗauke wa tirela wani kaso,
Ya fi sabon gini araha, ya rage cunkoso.

Baban Tirela:

Injiniya, bakinka ya faɗi daidai,
Amma abin da aka yi daban ne, duba dai.
Yunin 2025 Doug Ford, firimiyan Ontariyo, ya cire kuɗi,
A kashin gabas na gwamnati, an ji daɗi.
Daga Pickering zuwa hanyar 35/115 ke nan,
Wanda ya zagaye Toronto kuwa kuɗinsa na nan.
Yanzu haƙa hanya a ƙarƙashin 401 ake ta zance,
Ga hanya shimfiɗe a arewa, tirela na kallo a kaikaice.

Hajiya Mai Lissafi:

Ku bar gwamnati, ga abin da ke hannun direba,
Kurakuran da ke kumbura takarda ba a sani ba.
Manna na'ura a gilashin gaba, bayan madubi,
Kar ka jefa ta a aljihun mota ka ce za ta bi.
In eriya ba ta ji ta ba, kyamara ta ɗauka,
Kuɗin hoto ya hau, alhali na'urar na hannunka.
Wani gilashin da sinadarin ƙarfe a ciki,
Yana tare sigina, sai a nemi gurbin da ke aiki.
Dusar ƙanƙara ta rufe lamba, sauka ka share,
Rufaffiyar lamba laifi ce, ana iya tsare.
Ka sauya mota ko gida, sanar da su da wuri,
Takarda na zuwa tsohon gida, kuɗin ruwa na ƙari.
Motar haya kuwa, kamfaninta ake caza,
Ya ɗora nasa ladan a kai, aljihu ya gaza.
An aiko gargaɗi, kwana 90 ba ka biya ba,
Sunanka ya je rajista, ba za a sabunta lambarka ba.