Magajiya Peggy da zane-zanenta

Ɗan Kawo: Salamu alaikum. Ga baitoci kan Peggy Guggenheim, Ba'amurkiyar da mahaifinta ya nutse da jirgin Titanic a 1912. Amsa-amo "ta". Mai ji da kansa, bismillah.

Uba ya tafi, teku ta haɗiye,
Dukiya ta faɗo hannunta.
Ba gona, ba shanu, ba shago,
Zane kaɗai ne abin sonta.
A Faris kowa na gudun Hitila,
Kullum zane ɗaya cinikinta.

Hajiyar Malali:
Kai da ka cinye gadon Baba
A shayi da tsire, kake zaginta?
Gidan tarihin Louvre ya ƙi ɓoye mata zane-zanen,
Ta cusa su cikin kayan ɗakinta.
Suka tsira har ƙasar Amurka,
Kai ko tabarma ba ka ceto ta.
Pollock mai zane, dala 150 duk wata
Yake karɓa daga jakarta.

Auta Rigasa: Ranki ya daɗe! Kin gama da shi, a kawo masa ruwa.

Malam na Tudun Wada: Hajiya, ɗangonki na uku ya yi tsawo, numfashi biyu yake ci. Kuma "wata" da "jakarta" a baiti ɗaya, kin ninka amsa-amo inda ba a ce ba. Adadi ma ba ya zama a kari.

Auta Rigasa: Allah gafarta Malam, ma'auninka ɗangon mata kawai yake gani. Na Ɗan Kawo fa, "Hitila" ɗin nan a wane bahari take?

Ɗan Kawo: Auta, jeka ka yi wanki. Hajiya, ga naki:

Tunda kin zama lauyar Peggy,
Faɗa mana wa ke kwance gefen kabarinta?
A Banis ta Italiya, gidanta na bakin ruwa,
Karnuka 14 ne maƙwabtanta.
Ta auri Max Ernst mai zane,
Bai jima ba ya bar mata ɗakinta.

Hajiyar Malali:
Ta rasu tun 1979,
Har yau ana layi ƙofarta.
Kai naka gidan ko mai bin bashi
Sai ya yi sallama uku ka fito ta.

Malam na Tudun Wada: "Ka fito ta"? Ta ina? An jawo "ta" da igiya don a cika amsa-amo.

Yayan Barnawa: Afuwan, sai yanzu na ga wannan.

Kuna ta faɗa kan Baturiya,
Ƙasarmu ta Nok wa ya tuna ta?
Masu haƙar kuza suka tono kawunan yumɓu,
Da dama suna Turai, an kwashe ta.
Gidan tarihin Kaduna na titin Ali Akilu,
Tsohon ofishin jam'iyyar NPC, wa ya ziyarta?
Ɗan Kawo kullum ta nan kake wucewa,
Kana gyangyaɗi a keke, ba ka leƙa ta.

Ɗan Kawo: Yaya, ni me na yi maka?

Malam na Tudun Wada: Wannan kuma wa'azi ne aka yanka layi-layi.

Hajiyar Malali: To Malam, ajiye sikelin, jefo naka mu gani.

Malam na Tudun Wada:
Waƙa tana da doka da tsari,
Wanda bai san arudi ba ya yi haƙuri ya bar ta.

Auta Rigasa: Malam, ƙirga gaɓoɓin ɗangonka na biyu. Ni na kai sha biyar ban gama ba.